Cigiyar Amanda: abin da ya raba kan masu karatun Gone, Baby, Gone

Kafin in fara ga gargaɗi: wanda bai karanta Gone, Baby, Gone na Dennis Lehane ba, kuma yana da niyyar karantawa, to ya tsallake wannan rubutu, don zan fasa ƙwai. Babu yadda za a yi a tattauna abin da ya haɗa masu karatun littafin nan faɗa ba tare da an faɗi inda aka samu yarinyar ba.

Cikin aikina a gidan rediyo akwai karanta cigiya. Bayan labarun rana ake miƙo mini takardun, wata da boko, wata da ajami, wata kuma mai gadi ne ya rubuta wa uwar da ta zo tana kuka. Ana cigiyar yarinya ƴar shekara 4, tana sanye da riga mai ruwan ganye, babu takalmi, ta fita tun da hantsi, wanda ya gan ta ya kai ta gidan mai unguwa ko komisariya mafi kusa. Tsakanin sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa nake karantawa, da murya ɗaya. Mafi yawan masu kawo cigiya ba sa dawowa su ce an gani, kuma ba sa dawowa su ce ba a gani ba. Shi ya sa ranar da wani abokin aikina ya ara mini fassarar littafin nan ta Faransanci, ya ce labarin yarinya ne da ta ɓace, sai da ya yi wata biyu a jakata ban buɗe ba.

Littafin ya fito a 1998, shi ne na 4 a jerin labaran Patrick Kenzie da Angie Gennaro, masu bincike ne na haya, ba ƴan sanda ba, kuma masoya ne. Mafi yawan labarin yana faruwa ne a Dorchester, unguwar talakawa da ƴan ƙwadago a birnin Boston na Amurka, inda aka haifi shi Lehane ɗin a 1965. Amanda McCready, ƴar shekara 4, ta ɓace daga kan gadonta da dare. Uwarta Helene ta bar ta ita kaɗai a gida, ƙofa ba kulle. Da farko ta ce tana gidan ƙawarta suna kallon telebijin, daga baya aka gano mashaya ta je. Ba ma ita ta nemi Patrick da Angie ba. Matar kawun yarinyar ce, Beatrice, ta matsa sai sun karɓi aikin. Bincike ya kai ga cewa Helene da saurayinta sun sace wa wani dillalin ƙwaya dala dubu 200 (dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa ba), sai kowa ya ɗauka ramuwa ce. Aka shirya musayar kuɗi da yarinya a wani tsohon ramin fasa dutse da ya cika da ruwa a Quincy, abu ya lalace, aka yi harbe-harbe, duniya ta yanke cewa Amanda ta mutu.

Ashe tana nan da ranta. Kawunta Lionel, ɗan uwan Helene uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ya ɗauke ta, da haɗin bakin ƴan sandan da aka ɗora wa aikin nemanta. Aka kai ta gidan Jack Doyle, shugaban sashen da ke kula da laifukan da ake yi wa yara. Can Patrick da Angie suka hango ta, cikin tsabta da ƙoshi, tana dariya. Angie ta roƙe shi su juya su tafi kamar ba su gani ba. Ya ƙi. Aka kama Doyle, aka mayar wa Helene ƴarta, Angie ta tattara kayanta ta bar shi.

Nan ne rigimar take. Littafin ya zagaya hannun mutum kusan 10 da na sani, wasu kuma fim ɗin da Ben Affleck ya yi a 2007 suka kalla, har na ware rabin awa a shirina na daren Lahadi na ba da labarin a taƙaice na buɗe layi. Ban taɓa ganin littafin bincike da mutane suka manta da tambayar “wa ya aikata” suka koma kan “da kai ne ya za ka yi” kamar wannan ba.

Kashi mafi yawa, kuma mafi zafin baki, suna bayan Angie. Abin da ya ba ni mamaki, mata ne suka fi yawa a cikinsu, iyaye masu goyo. Wata malamar lakwal ta ce mini haihuwa kaɗai ba ta mayar da mace uwa, akuya ma tana haihuwa. Hujjarsu tana cikin littafin kuma tana da ƙarfi: Helene ta taɓa barin yarinyar nan a rana har fatarta ta ƙone, tana ajiye ta gaban telebijin kamar kujera, kuma ko a kwanakin da ake nemanta ta fi damuwa da yadda za ta fito a gaban kyamara. A wurinsu Patrick mugu ne mai fuskar mutumin kirki, ya sayi kwanciyar hankalinsa da rayuwar yarinya, ya koma gida ya yi barci ita kuma ta koma cikin datti.

Kashi na biyu suna bayan Patrick, amma da yawansu hujjarsu ta yi mini rauni. Sai su ce doka doka ce, ko su ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, su tsaya nan. Wannan bai isa ba, saboda Patrick ɗin kansa ba mai tsoron doka ba ne. A tsakiyar littafin an sace wani yaro daban, Patrick ya shiga gidan da aka ajiye shi ya tarar an gama da shi ta hanyar da ba zan iya bayyanawa a nan ba, kuma ya harbe mutumin da ya yi aikin har lahira alhali babu makami a hannunsa. Babu alƙali, babu shari'a. Mutum ɗaya ne ya yi wancan ya kuma yi wannan. A ganina nan ne Lehane ya fi nuna gwaninta, kuma nan ne masu muhawarar suka fi tsallakewa. Wanda ya ɗauki doka a hannunsa don ramuwa kowa ya tafa masa, har ƴan sanda suna saya masa abin sha. Wanda ya ɗauke ta don ceto an ɗaure shi. Ni dai na karanta shawarar Patrick ta ƙarshe a matsayin ta mutumin da ya ɗanɗana yadda yanke hukunci shi kaɗai yake da daɗi, abin ya tsorata shi.

Sai kashi na uku, wanda mutum ɗaya ce tak a cikinsa, goggona. Ita ba ta karatun boko, ni na ba ta labarin muna tsinke zogale a tsakar gida. Ita ta riƙe ni tun ina shekara 3 har aka yi mini aure, don haka ina jiran in ji ta ce Doyle ya kyauta. Sai ta ce:

“Ke, yanzu ita yarinyar ba ta da kaka ne? Kawun da ya iya sace ta, me ya hana ya je da rana tsaka ya ce wa ƙanwarsa ba ni ita?”

Na ce Goggo, can ƙasar ba haka ake yi ba, sai an je kotu, kuma a tunanin kawun babu wata kotu da za ta raba uwa da ƴarta don kawai ba ta kula. Ta ce to ai gara ya yi ta zarya gidan, ya ɗauke ta ran Juma'a ya mayar ran Litinin, har uwar ta saba da sauƙin. Irin wannan uwar, in ji ta, ba a ƙwace mata ɗa, barinta ake ta sake shi da kanta.

Maganar nan ta fi duk wadda na ji a layi, saboda ta nuna mini abin da ke ruɗar mu masu karatu na wannan yanki. Mu mun san riƙo. Kusan kowane gida a Damagaram ko Maraɗi ko Katsina akwai ɗan da ba nan aka haife shi ba, don haka idan muka ga Amanda a gidan Doyle tana dariya, zuciyarmu tana saurin cewa ai riƙo ne, ɗa na kowa ne. Amma ni da aka riƙe na san ƙofar ɗakin mahaifiyata. Ana kai ni da Salla, tana aiko mini da ƙuli-ƙuli, ranar da na yi ciwon ƙyanda ita ta kwana a kaina. Abin da Doyle ya yi ba zai tsaya ba sai uwa ta yarda ƴarta ta mutu, sai Beatrice da ta fi kowa son yarinyar ta yi makokinta har tsufa, sai an canja wa yarinya asali, kuma sai an rufe bakin duk wanda ya sani. Mutane sun mutu saboda sirrin nan ya rufu. Masu goyon bayan Angie sukan ƙirga hawayen Amanda su manta da ƙirga gawarwaki.

Akwai kuma tambayar da babu mai son ta: wa ya naɗa su? Littafin ya nuna Amanda ba ita ce ta farko ba. Ƴan sanda ne masu bindiga da albashi suke leƙa gidajen matalauta suna zaɓar wace uwa ce ta cancanta. Wannan karon sun faɗa kan Helene, kowa ya ce sun yi daidai. Gobe fa? A watan Oktoba na 2019 ƴan sandan Nijeriya sun kuɓutar da yara 9 da aka sace daga Kano aka kai Anaca, an canja musu suna da addini, wasu har Hausa ta kuɓuce musu. Ba na cewa masu sayar da yara ɗaya suke da Doyle, shi bai nemi kuɗi ba. Amma wani dattijo da ya bugo waya a shirin ya tuna mana da wannan, ya ce duk wanda ya karɓi yaron sata labari ɗaya yake ba kansa, cewa ya fi iyayen iya riƙo. Layi ya yi tsit na ɗan lokaci, wanda a rediyo abu ne mai tsawo.

Duk da haka ba zan wanke Lehane ba, ina da ƙorafi a kansa. Ya yi wa Helene rashin adalci a matsayinsa na marubuci. An ce kafin ya shahara ya yi aiki da yaran da aka ci zarafinsu, kuma ana jin fushin wannan aiki a kowane shafi. Fushin ya sa ya hana matar nan ko da kusurwa ɗaya da za mu tsaya mu gan ta a matsayin mutum. Kullum tana cikin maye ko ƙarya ko shirme. Da ya ba ta dare ɗaya tak da ta farka ta laluba gadon da babu kowa, da tambayar ta fi nauyi, saboda ainihin iyayen da nake gani a ƙofar gidan rediyo haka suke: ta yi sakaci, ta san ta yi, kuma tana neman ta mutu don baƙin ciki. Ya sauƙaƙa wa mai karatu tsanar Helene, sannan ya juyo ya ce a mayar mata da ƴa, kamar mai dambe da ya ɗaure wa ɓangare ɗaya hannu don a ce faɗan ya yi wuya. A nan fim ɗin ya ɗan fi, Amy Ryan da ta fito a Helene ta saka mata wani tsoro a ido wanda babu shi a takarda, har aka sa sunanta cikin masu neman kyautar Oscar.

Batun kuɗin ƙwaya da ƴan daba kuwa ya yi tsawo. Shafuka da yawa na wuce su da sauri, kuma duk wanda ya saba da irin waɗannan littattafai zai gane tun da wuri cewa hanya ce aka shimfiɗa don a ɓatar da shi.

Ita Amanda fa? Littafi guda a kanta, amma da ƙyar muke jin muryarta. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin aibi. Ni na fi ganin gaskiya ce mai ɗaci, domin haka takardar cigiya take: launin riga, shekaru, lokacin fita, lambar salula ta babba. Fim ɗin ya rufe da wani ɗan abu da babu wanda ya kalla ya manta, inda aka gane ko sunan ƴar tsanar yarinyar uwar ba ta sani daidai ba. Lehane da kansa bai samu natsuwa ba, a 2010 ya dawo da Moonlight Mile, Amanda tana da shekara 16 ta sake ɓacewa, Beatrice ta sake zuwa wurin Patrick, wanda yanzu ya auri Angie har suna da ƴa mai shekara 4. Wasu suna ɗaukar wannan littafi na biyu a matsayin hukunci a kan Patrick. Ni ban yarda abin da ya faru bayan shekara 12 ya zama shaida a kan shawarar da mutum ya yanke yana tsaye a bakin daji da abin da ya sani a ranar ba.

Ina tare da Patrick, amma ba da murna ba, kuma ina da sharaɗin da littafin bai cika mini ba. Wanda ya mayar da yarinya gidan da ya san babu kulawa ya ɗauki bashi, ya kamata a gan shi a ƙofar gidan nan kowane mako, ko ana so ko ba a so. Da na faɗa wa Goggo haka, sai ta ce ai shi ne abin da ta ce tun farko, in miƙo mata tire. Washegari da na je aiki akwai cigiya biyu a kan tebur, ɗaya ta akuya, ɗaya ta yaro ɗan shekara 6 da aka aika sayen gawayi.