Jinjina Ga Masu Zuba Abinci A Manyan Kantuna

Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo da ke Kano a 2014, da Jabi Lake Mall a Abuja a 2015, mai sayayya ya samu inda zai zauna ya ci abinci ba tare da ya fita waje ba. Waɗanda suka cancanci yabo su ne matasan da ke tsaye a bayan gilashi, da hula a kai da safa a hannu.

Kafin a buɗe ƙofa sun riga sun ɗora dafa-duka, sun gasa kaji, sun yanka burodi da ganyen salak. Aikin yana da ƙa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ajiye dafaffen abinci da zafinsa sama da digiri 60, mai sanyi kuma ƙasa da digiri 5, don kada ƙwayoyin cuta su hayayyafa. Matasan nan ne ke tsare wannan iyaka tun safe har dare. Ga shi kana ganin abin da za ka ci kafin ka biya, farashi a rubuce, babu ciniki, babu ɓoye-ɓoye.

Da azumi ma suna nan, da yawansu bakinsu a bushe, suna haɗa wa wasu abin buɗa baki.

Jama'a, idan sun miƙo muku faranti, ku ce musu sannu da aiki. Sun cancanci haka.