Kalmar complot da tarihin Sawaba a ƙasar Tasawa: ɗan tsokaci a kan littafin Klaas van Walraven

Littafin Klaas van Walraven a kan tarihin Sawaba ya fito da Ingilishi a 2013, fassararsa ta Faransanci kuwa, Le désir de calme, a 2017. Ba mu nufin bin dukan littafin a nan, domin yana da girma ƙwarai. Abu guda muke so mu duba: yadda ake ba da labarin ƙungiyar da ta yi aiki a ɓoye, alhali mafi yawan takardun da suka rage na waɗanda suka yi farautarta ne.

Tilas mu fara da yabo. Marubucin ya yi hira da tsofaffin ƴan Sawaba da dama, ya kuma nuna cewa ƙarfin jam'iyyar Djibo Bakary ya dogara ne da ƙananan ma'aikata, direbobi, ƴan tasha da ƴan kasuwa, mutanen da kullum suna kan hanya. Wannan ya dace da Tasawa, wadda ke bisa hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ga kuma iyakar Nijeriya kusa. Bayan zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, wanda gwamna Colombani ya tsaya kai da fata don “i” ta yi rinjaye, Sawaba ta ci mazaɓun Tasawa da Damagaram a zaɓen Disamba, amma aka soke sakamakon. A Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar. Ke nan ɓuyan da ta shiga dole aka yi mata, kuma littafin ya fayyace haka sarai.

Inda muke da ja shi ne babobin da suka shafi aikin ɓoye, daga haramcin zuwa shigowar ƴan komando a ƙarshen 1964. A nan rahotannin ƴan sanda da na leƙen asirin sojan Faransa sun yi nauyi. Marubucin yana taka-tsantsan da su, ba mu musa ba. Sai dai rahoton irin wannan yana da halinsa. Direban da ya ɗauki wasiƙa zuwa Kano, inda ƴan Sawaba ke da abokai a cikin NEPU, da malamin da ya ba baƙo masauki a wani ƙauyen Mayahi, duk rahoto zai jera su a sahu guda, kamar kowa ya san shirin kowa. Zumunta da baƙunta sai su koma réseau.

Wannan hali kuwa ya girmi Sawaba. A 1906 da zargin complot aka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa, aka kai shi Kodibuwa, aka ɗora Ballama a kan mulki. A 1927, bayan harin da aka kai wa barikin Tasawa, Sarki Barmu ya rasa sarauta, aka kuma mayar da hedkwatar mulki Maraɗi. A duka biyun zargin ya yi wa hukuma amfani, ko da gaskiya a cikinsa ko babu. Da littafin ya ɗan waiwayi wannan gado, da mai karatu ya fi gane idon da ma'aikatan 1959 suka kalli Tasawa da shi.

Matsalar ta shafe mu kai tsaye, mu da muke rubutu da harsuna biyu. Idan ɗalibi ya fassara complot da “makirci” ko “maƙarƙashiya”, ya riga ya yanke hukunci, domin Bahaushe ba ya kiran abin kirki makirci. Idan ya ce “tawaye”, ya ɗauka an fito fili, abin da bai faru ba sai a 1964. “Ƙungiyar asiri” kuma tana jan hankali zuwa tsafi. Mu dai mun fi natsuwa da “aikin ɓoye”, ko da yake ba ta da armashi, kuma muna ba ɗaliban da za su shiga ƙauyukan Tasawa da Mayahi shawara su fara tambayar tsofaffi da ƴaƴansu sunan da su suke kiran abin, kafin su buɗe rahoton kumandan.