Cooper Black: Harafi Mai Kauri da Taushin Jiki

A shekarar 1922 kamfanin zuba haruffan dalma na Barnhart Brothers & Spindler da ke Chicago ya fitar da wani samfurin haruffa mai suna Cooper Black da Oswald Cooper ya zana. Cooper mai rubutun tallace-tallace ne da hannu, kuma wannan sana'a tasa ta bayyana a jikin kowane harafi. Ba wai ya ɗauki siririn harafi ya cusa masa nama ba ne kawai. Sai da ya bi kowace kusurwa ya rage mata kaifi.

A duba 'yan ƙafafun da ke ƙarshen sandunan haruffan, wato serif. A samfura irin su Bodoni ƙafafun nan sirara ne, miƙaƙƙu. A Cooper Black kuwa sun kumbura sun zagaye, kamar ƙullun alkaki da ya tashi a cikin mai. Sai kuma farin da ke cikin "o": ƙarami ne, ya ɗan karkata baya, alamar alƙalamin da aka riƙe a karkace. Wannan 'yar karkata, a ganina, ita ce ran samfurin. Ita ta hana baƙin tawada ya zama dunƙule marar motsi.

Shi ya sa ake iya hango shi daga nesa ba tare da ya yi wa mai karatu tsawa ba. Bangon faifan Pet Sounds na mawaƙan Beach Boys a 1966 da shi aka rubuta, haka sunan Garfield, kyanwar zanen barkwanci, haka easyJet a jikin jiragensa masu ruwan lemo. Duk kalmomi ne kaɗan, an ba su fili sun sake.

Nan ne wurinsa: kanun labari, allon shago, bangon littafin yara, kwalin kayan zaƙi. Ƙananan baƙaƙensa sun fi manyan armashi, domin a cikinsu lanƙwasar take. Idan aka ƙanƙantar da shi aka jera sakin layi guda, fararen cikin "a" da "e" sai su toshe, ido ya gaji tun a layi na uku. Takardar ta'aziyya ko sanarwar kotu ma ba nasa ba ne. Fara'arsa ta yi yawa.

Akwai abin da ke damuna game da masu tsara bangon littattafan Hausa. Yawancin tsofaffin samfuran kwamfuta irin wannan ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Sai ka ga an rubuta "ƙauna" da kauri, amma harafin farko ya fito siriri daga wani samfuri daban, ko an cire ƙugiyar gaba ɗaya. Kafin a zaɓi Cooper Black, a fara buga haruffan nan a gani. In babu, a nemi mai zane ya ɗora ƙugiyar da hannu, mai kauri da zagaye daidai da sauran jikin harafin.