Masu Karanta Zuciyar Mai Tambaya

Daga Janairu zuwa Afrilu, a shagunan littattafai na Funtuwa babu abin da ke tafiya kamar ƙaton kundin nan mai siririyar takarda, wanda aka tara tambayoyin WAEC na shekarun baya a cikinsa. 'Yan makaranta fas kwashin suke ce masa. Ɗaliban Faskari da Daudawa da Mairuwa da 'Yankara kan ba da sautu a sayo musu, wani lokaci mutum uku ko huɗu su yi karo-karo a kan guda ɗaya, yau ya kwana gidan wannan gobe gidan wancan, har bangonsa ya fita. Mallakar kundin ba wani abin a zo a gani ba ne. Iya aiki da shi ne gwaninta, kuma masu ita ba su da yawa.

Jarrabawar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. An kafa hukumar WAEC a 1952 domin Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, Laberiya ta shigo a 1974. Yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare a Sabuwa ma'auni ɗaya ake auna shi da takwaransa na Banjul, kuma takardar shaidar da zai samu ana karɓarta a jami'o'i da dama na ƙasashen waje. A gida kuwa sharaɗin sananne ne: kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, wato kada a gaza C6, kafin a yi maganar Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-ma.

Ɗalibin da bai san dawan garin ba, da ya buɗe kundin sai ya zarce shafin amsoshi ya kama hadda. Gwani kuwa yana yi wa tsohuwar takarda abin da tela mai koyo ke yi wa tsohuwar riga: ya warware ta ya ga yadda aka yanka. Zai jera takardun shekara goma, ya ware tambayoyin kashi-kashi, na ƙididdiga gefe guda, na zanen girafi gefe guda, na kusurwoyin da'ira gefe guda. Kafin ya gama ya gane cewa lambobi kawai ake canzawa, salon tambayar yana nan. Daga nan ya san inda zai zuba ƙarfinsa.

Sai maganar agogo. Takardar Lissafi ta farko tambayoyi 50 ce ta zaɓi, cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu tambayoyi 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, biyar na farko dole. Wanda ya iya zai rufe amsoshi, ya ajiye agogo a gabansa, ya zauna kamar mai sa ido na tsaye a kansa. Minti 15 ne rabon kowace tambaya a takarda ta biyu, kuma sai wanda ya gwada a gida ne ya san yadda minti 15 ke gudu. Yara da yawa sun san amsa, lokaci ne ya ci su.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwanayen nan ke duba aikinsu da idon mai maki. A Lissafi, hanyar da aka bi tana da makinta daban, amsar ƙarshe tana da nata. Wanda ya nuna aikinsa mataki-mataki, ko ya kuskure a ƙarshe, zai tsira da wani abu. Wanda ya dire amsa tsirara babu aiki, ko daidai ce, zai iya tashi a tutar babu. Haka a insha'in Turanci, inda ake neman kalmomi kusan 450: ana duba abin da aka faɗa, da tsarinsa, da iya sarrafa harshe, sannan da ƙananan kurakurai na rubutu da nahawu, waɗanda ake zaftare maki a kan kowane ɗaya. A sashen taƙaitawa kuwa, wanda ya kwashe jimlolin marubuci ya manna ya yi wa kansa. Duk wannan ba asiri ba ne. Bayan kowace jarrabawa hukumar na fitar da rahoton manyan masu duba takardu, inda ake faɗin wurin da ɗalibai suka yi tuntuɓe darasi bayan darasi. Malamin da ke karanta rahoton nan ya fi wanda ke da tarin digiri bai taɓa buɗe shi ba amfani ga yara, in dai maganar cin jarrabawa ake yi.

Kundin ma ba a ba shi amana ɗari bisa ɗari. 'Yan kasuwa ne ke buga shi, ba su rasa kuskure a amsoshi, don haka mai hankali kan gwada amsar da littafin karatunsa ko ya kai wa malami. A adabin Hausa da na Turanci kuma ana sauya littattafan da aka zaɓa bayan 'yan shekaru, sai yaro ya ɓata mako yana bitar littafin da an daɗe da cire shi.

A wannan yanki gwanintar tana da wani nauyi na daban. Bayan da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, an rufe makarantun kwana a jihar Katsina na wani lokaci. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa na ciki, aka yi watanni babu intanet. Hukumar da ke shirya tambaya ba ta rage wa kowa manhaja saboda haka. Jarrabawar kuma tana zuwa ne a Mayu da Yuni, daidai lokacin da ruwa ya sauka, ana neman kowane hannu a gonar masara. Yaron da ya iya bitar tsofaffin takardu shi kaɗai, da fitilar caji bayan sallar isha'i, ya zama malamin kansa a ranakun da babu malami. Tsakaninsa da mai jiran satar amsa a daren jarrabawa akwai tazara, domin na biyun in ya shiga jami'a asirinsa ke tonuwa tun zangon farko.

Yanzu wani sabon aiki ya ƙaru. JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC kuma ta fara gwada haka da ɗalibai masu zaman kansu a 2024. Malaman da suka farga sun fara haɗa yara a kai su cibiyoyin kwamfuta na Funtuwa, su amsa tsofaffin tambayoyin nan a kan allo, agogo na ƙirga musu a gefe, tun kafin ranar ta zo.