Na Da Ko Na Yanzu? Tsokaci Kan Gardamar Masu Kallon Jaruman Japan

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sannan kuma su ne suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Tsakanin waɗannan maganganu biyu ne gardamar da muke son yin tsokaci a kanta ta faɗo. Gardama ce da ake tafkawa tsakanin masu sha'awar wasannin talabijin na ƙasar Japan da ake kira Super Sentai, wato labarin gungun jarumai, galibi biyar, kowa da launin suturarsa, masu haɗa ƙarfi su yaƙi dodanni. Kada mai karatu ya ce ina ruwan marubucin Hausa da wasan yara, domin kuwa irin wannan gardama ce muka daɗe muna yi a kan littattafanmu.

Kamfanin Toei ne ya fara wannan shiri a 1975 da Gorenger, wanda Shotaro Ishinomori ya ƙago. A 1979 aka shigo da ƙaton mutum-mutumin ƙarfe da jaruman ke shiga su ƙarasa faɗa, daga nan kuma aka yi ta fito da sabon gungu kowace shekara. Mu a nan Katsina ta bayan gida abin ya iso mana, da sunan Power Rangers, wanda Haim Saban ya fara a Amurka a 1993. Abin da ya yi shi ne ya ɗebo fagagen faɗa daga Zyuranger na 1992, ya sa 'yan wasan Amurka suka cike sauran. Shi ya sa jarumi mai ruwan ɗorawa, wanda namiji ne a Japan, ya koma mace a Amurka. Ke nan da yawa daga cikin masu cewa na asali suka kalla, kwaikwayo suka kalla.

Magoya bayan na da suna cewa a can ne ake ganin gumi: mutum na gaske ke yin alkafura, albarushi na gaske ke tashi, kuma labarin ba ya tsoron baƙin ciki. Na yanzu, in ji su, aikin kwamfuta ne da tallan kayan wasan yara. Su kuwa magoya bayan na yanzu cewa suke yi na da maimaici ne kawai, dodon roba ya zo a kashe shi, mako ya zagayo wani ya sake zuwa.

A ra'ayinmu dukkansu sutura suke aunawa, sun bar mutumin da ke cikinta. Batun talla ba sabo ba ne, domin tun farko cinikin kayan wasa na kamfanin Bandai yana cikin abin da ke riƙe da shirin. Maimaici ma ba aibi ba ne a karan kansa, tun da ba mu taɓa jin wanda ya ƙi tatsuniya don ya san Gizo zai yi wayo ba. Ma'aunin da ya kamata manazarci ya ɗauka shi ne: shin marubucin ya ajiye tauraronsa a gaban zaɓin da zai ci masa wani abu mai tsada?

Alal misali, a Liveman na 1988 abokan gaba ba baƙi ba ne. Ɗalibai ne 'yan makaranta ɗaya da jaruman, waɗanda girman kai na ilimi ya sa suka kashe abokan karatunsu biyu. Don haka duk lokacin da aka ɗaga makami, a kan tsohon aboki ake ɗaga shi. Haka a Jetman na 1991, kishi a kan mace ya kusa wargaza gungun, kuma jarumi mai baƙar sutura bai faɗi a fagen fama ba, wani ɓarawon jaka ne ya soke shi a ranar bikin abokansa. Waɗannan sun ci ma'auni.

To amma na baya ma sun ci. A Shinkenger na 2009, wanda Yasuko Kobayashi ta rubuta, jarumai huɗu sun yi wa shugabansu biyayya ta bayi da ubangida kusan shekara guda, sai dab da ƙarshe ta bayyana ba shi ne magajin gidan ba, inuwa ce aka kafa don a ɓoye magajiyar gaskiya daga abokan gaba. Wa za su bi, jini ko wanda suka sha wuya tare? Duk wanda ya tashi a garin sarauta ya san nauyin wannan tambaya. Bugu da ƙari, Toshiki Inoue da ya rubuta Jetman shi ne ya rubuta Donbrothers a 2022, saboda haka katangar da ake ginawa tsakanin da da yanzu ba ta da tushe sosai. Inda na baya suka gaza shi ne inda taurari suka yi yawa, kamar Kyuranger na 2017 mai jarumai goma sha biyu, har wasunsu suka zama launi kawai ba hali.

Gaskiyar magana ita ce zuciya rariya ce, tana riƙe tsabar na da ta zubar da dusarsa, alhali na yanzu da dusarsa muke ganin sa. Haka aka yi a shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi musayar alƙalami a kan Adabin Kasuwar Kano. Mutane da dama sun ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda gasar 1933 ta tace, suka auna su da duk abin da ya fito kasuwa. Sai da ƙura ta lafa aka yarda cewa a cikin tarin akwai irin su Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Yau kuma wasu daga cikin waɗanda aka raina jiya su ke raina masu rubutu a waya.

Saboda haka kiranmu biyu ne. Ga manyanmu a ƙungiya, kafin mu ce rubutun yaro bai kai na da ba, mu karanta shi, mu kuma faɗi ma'aunin da muka aza shi a kai. Ga matasa masu kawo mana labaran gungun jarumai, aro ba laifi ba ne, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ma daga labaran Rasha ya samo tushe. Sai dai kada ku tsaya ga kwalkwali da launi. Ku ba kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin nan abin da yake tsoron rasawa, sannan ku sa labarin ya nemi ya ƙwace shi.