Sarewa: Awon Yatsa, Hukuncin Kunne

Idan aka gama yankan dawa a yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, kara yakan kasu gida-gida. Akwai na darni, akwai na hura wuta, akwai wanda ake bar wa shanu su bi gona su kalata. Wani ɗan kaɗan da ba ya shiga lissafin kowa shi ke zama abin busa. Yara su tsinke sille su yi ta fito da shi har ya tsage, manya kuma, musamman samarin Fulani masu kiwo, su zaɓi kara mai kauri ko gora miƙaƙƙiya daga bakin gulbi su yi sarewa. Wannan ƙasa ce ta dawa da garke, inda manomi da makiyayi suka daɗe suna jin busar juna.

Sarewa ba ta da maƙera, ba ta da rumfa a kasuwa. Algaita tana buƙatar masassaƙi ya fafe itace da baduku ya naɗe ta da fata, kakaki sai maƙerin farfaru, su Ibo ma abin busarsu, oja, daga itace ake sassaƙo ta. Ita kuwa sarewa galibi mabushinta ne mai yin ta, a zaure ko a ruga, kusa da murhu. Kayan aikin duka ba su wuce wuƙa mai kaifi, da dogon tsinken ƙarfe, da ƙusa ko basilla, da ɗan kakin zuma ba. A bar karan ya bushe a inuwa, domin wanda rana ta gasa tsagewa yake yi. A sa tsinken a wuta, a fitar da totuwa, a huda gaɓoɓin har iska ta wuce daga wannan baki zuwa wancan. Sai a kankare bakin sama ya yi kaifi. Ba ta da harshe irin na algaita, ba ta da toshiya irin ta usur. Mabushi yana karkata ta ne gefe guda, ya tura iska ta daki kaifin bakin, murya ta fito. Wanda bai iya ba zai yi yini yana hura ta bai ji komai ba sai hucin kansa.

Duk wannan ana iya koyon shi da ido cikin 'yan kwanaki. Inda gwani ke barin ɗan koyo shi ne wajen huda ramuka.

Tsawon bututu ke yanke muryar ƙasa. Sauti yana tafiya a iska kimanin mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana kan digiri 20, don haka bututu mai rabin mita, buɗe baki biyu, yana kaɗa iska wajen sau 340 a daƙiƙa, ko ƙasa da haka kaɗan. A rage tsawon, murya ta ƙara siranta. A raba shi biyu, ta ninka. Kowane rami da aka buɗe a jiki gajarta bututun yake yi ba tare da an yanke shi ba. Mai sarewa bai taɓa jin waɗannan alƙaluma ba, amma da su yake aiki: yakan bar karan da ɗan tsawo, ya busa, ya datse kaɗan, ya sake busawa, har sai muryar ƙasa ta zauna masa. Daga nan ya ɗora yatsunsa yadda za su kwanta ba tare da miƙewar wahala ba, ya yi alama da gawayi. Ramukan galibi huɗu ne, kuma huɗu da muryar ƙasa sun ba da biyar, wato matakan da mafi yawan kiɗan ƙasar Hausa ke hawa da sauka a kansu. Abin da ya wuce biyar daga ƙarfin numfashi yake zuwa, domin idan aka matsa iska, kowace murya tana tsallakawa zuwa ninkinta na sama.

Ana fara huji daga ramin ƙasa a hau sama, kuma kullum da ƙanƙanta ake farawa. Dalilin a fili yake. Ƙara faɗin rami yana ɗaga murya, kuma ƙusa mai zafi tana iya ƙarawa, amma ba ta iya ragewa. In hannu ya zarce sai a koma ga kaki, a liƙe gefe, a lallaɓa. In ya zarce ƙwarai, a jefa karan a murhu a ɗauko wani, tunda ba saye aka yi ba. Wannan arhar tana da nata tasiri a kan sana'ar: wanda ba ya tsoron asara ya fi yawan gwaji, kunnensa kuma ya fi saurin nuna.

Ga inda masu karatun kiɗan zamani ke yi wa sarewa gurguwar fahimta. Ramukan da aka jera da awon yatsa ba sa ba da matakan murya masu daidaito irin na fiyano, sai wanda ya saba da fiyano ya ce sarewar ba ta saitu ba. A ganina bai ga rabin aikin ba ne. Rabin saitin yana jikin kara, rabi yana bakin mai ita. Da ɗan karkata ta, da matse leɓe, da rufe rabin rami, mabushi yana jan murya sama ko ƙasa yadda yake so, wasu ma suna haɗa gunjin maƙogwaro da busar a lokaci guda, sai ka ji kamar mutum biyu ne. Shi ya sa aron sarewa yake kamar aron takalmin da ƙafar wani ta riga ta lanƙwasa: za ka taka, amma tafiyar ba taka ba ce. Yanayi ma yana da ta cewa. Tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar na bazara, gudun sauti a iska yana bambanta da wajen kashi 4 cikin 100, kuma ko da ɗumin numfashi ya rage tazarar, sarewar da aka huda a Janairu ba za ta tsaya a wuri ɗaya a Afrilu ba. Hunturu kuma yana tsaga gora, abin da ya sa ake shafa mata man shanu, ana ɗaure bakinta da zare ko fata.

Turai ta bi wata hanya dabam. A 1847 Theobald Boehm, mabushi kuma maƙerin zinariya a birnin Munich na Jamus, ya fitar da sarewar da aka jera ramukanta bisa lissafin sauti, ba bisa inda yatsa ke kaiwa ba, sannan ya ƙera maɓallan da za su rufe inda yatsa ya kasa. Wani taro a Landan a 1939 ya tsayar da kaɗawa 440 a daƙiƙa a matsayin ma'aunin da za a riƙa saita kayan kiɗa da shi. Suna da dalilinsu: mutum sittin ko tamanin ke kiɗa tare a zaure ɗaya, dole a sami abin da kowa zai bi. Makiyayi a dajin da ke tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka ba shi da wanda zai bi sai kansa. Ko a dandalin shaɗi, inda sarewa ke haɗuwa da ganga, ba wanda ke neman ta dace da wata sarewar.

Matsalar ta taso ne da aka shiga ɗakin ɗaukar waƙa. Waƙoƙin fina-finan Hausa na Kano sun ginu a kan fiyanon Yamaha, wanda ke da muryar sarewa a cikinsa, a shirye, a saite, ba ta neman kuɗin mota. Muryar nan kuwa, a yadda ake sarrafa ta, ta fi kusa da bansuri, sarewar fina-finan Indiya, fiye da abin da ake ji a ruga. Ba a ce dole ne haka ta kasance ba. A Yamai, Yacouba Moumouni, wanda aka fi sani da Denke Denke, ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey a 1995, ya tsayar da sarewar Fulani kusa da jita, ya zaga ƙasashe da ita. Larabawa masu busa nay, wato tasu sarewar, tun tuni suka warware irin wannan ƙulli ta hanyar yawo da nay da yawa, kowace da tsawonta, a zaro wadda ta dace da waƙar.

Manazartanmu ma suna da laifi, ko da yake ba da gangan ba. Zamfara ƙasar makaɗa ce: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru, Kassu Zurmi, duk an rubuta tarihinsu an feɗe waƙoƙinsu a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya. Amma nazarin waƙar baka kalmomi yake bi, gindin waƙa da ɗiya da amshi, kuma galibi yana bin wanda ke da ubangida a fada. Sarewa ba ta furta kalma, ba ta yabon Sarkin Zamfaran Anka, ba ta roƙo. David Ames da Anthony King sun sa ta a jerin kayan kiɗan Hausa a littafinsu na 1971, amma jera suna dabam, zama a gaban mai huji ana kallon inda yake ɗora ƙusa dabam.

Yanzu kuma wurin koyon ne ke ƙuntata. Satar shanu da hare-haren da suka addabi yankin fiye da shekara goma sun watsa rugage, sun mai da bakin gulbi inda ake saran gora wurin da ba a shiga sai da shahada. A Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, nan ne kuwa samarin ruga ke haɗuwa, wani ya ji busar wani ya tafi da ita a ka.

Akwai kuma sarewar bututun roba ko ta ƙarfe, masu ƙorafi a kanta kuwa ba na tare da su gaba ɗaya. Muryarta ta fi tsauri, gaskiya ne, amma ba ta tsagewa, gara ba ta cin ta, kuma bututunta yana kasuwa ba sai an shiga daji ba. Abin lura a nan wani ne. Kara biyu ba sa taɓa zama ɗaya a ciki, saboda haka awon wannan bai yi wa wancan ba. Bututun roba kuwa faɗinsa ɗaya ne daga kamfani, don haka a karon farko ana iya auna sarewar gwani da rula a yanka talatin irinta a yini guda a raba wa 'yan makaranta. Kafin a yi hakan sai an fara yanke shawarar yatsun wa za a auna, na mabushin Gummi ko na Bukkuyum, domin yaran da suka tashi a kan awo ɗaya za su riƙa jin ɗayan a matsayin kuskure.