Ƙadangaren bakin tulu: matsalar fassara alamu a cikin aikin Ladi Kwali

1. Shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa riƙa takardar naira 20 ta Najeriya, irin wadda aka fitar a 2007, ya ga Ladi Kwali ko da bai san sunanta ba. Ita ce maginiyar tukwane da ke bayan takardar. A kasuwannin kan iyaka, daga Birnin Konni har Magarya, inda naira ke yawo tare da sefa, hotonta ya daɗe yana wucewa daga hannu zuwa hannu. Abin da muke so mu duba a cikin wannan ɗan nazari shi ne dabbobin da ta zana bisa tulunanta, da kuma yadda masu sharhi suke fassara su. Tambayar ta wuce Ladi Kwali ita kaɗai, domin ta shafi duk wanda zai yi rubutu bisa aikin hannun mata, ko na maginan Bubon da ke bakin kogin Kwara kusa da Yamai, ko na Mirriya a ƙasar Damagaram: idan mun ga alama bisa aikin mace, daga ina muke samo ma'anar da muke ba ta?

An haifi Ladi wajen 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar mutanen da Hausawa ke kira Gwari, su kuwa suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari. Ta koyi gini tun tana yarinya a hannun wata daga cikin iyayenta mata na dangi, irin ginin da ake yi da hannu zalla: yumɓu yana zaune wuri ɗaya, maginiya ce ke zagaya shi tana ɗaga bango tana ƙara murɗi. Baturen Ingila Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka a 1950 don ya kula da sana'ar tukwane, ya ga tulunanta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta da, wato garin da ake kira Suleja a yau, kuma ita ce mace ta farko a wurin. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zagaya Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

2. Fassara irin ta ƙamus

Bisa cikin tulunanta akwai kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsu. Mai sharhi, da ya gan su, sai ya yi musu jeri kamar kalmomin ƙamus: kifi haihuwa ne, kunama tsari ce, hawainiya rikiɗa ce. Ba mu ce ba zai yiwu dabba ta ɗauki irin wannan ma'ana ba. Abin da muke nema shi ne a gaya mana daga bakin wa aka ji, a wane gari, a wace shekara. Sau da yawa jerin yakan zo tsirara, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma da shi ɗin ne za a fassara ƙwaryar Bafillata da tabarmar Babarbariya.

Mu masu karatu da Hausa muna da namu tarkon, kuma ya fi na Bature daɗi. Babu Bahaushen da zai ga ƙadangare bisa tulu bai tuna da karin maganar nan ba: ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Hoton ya dace da maganar har mutum ya ji kamar don ita aka zana shi. To, amma karin maganar tana zancen baƙon da ba a gayyata ba, wanda ya gagari kora. Ƙadangaren Ladi kuwa da gangan aka ajiye shi, an share masa fili, an yi masa iyaka da layuka, an cika bayansa da ƙananan tsage ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka yi wa wannan hidima bai yi kama da abin ƙi ba. Haka nan hawainiya: a Hausa ita ce mai launi biyu wadda ake gargaɗi ta kiyayi ramar wani, amma wannan hukuncin harshenmu ne. Sunan Ladi sunan rana ne na Hausa, shi ke sa mu manta cewa harshen uwarta dabam ne, tatsuniyoyin da ta ji tana ƙarama dabam ne. Kuma kada mu ɓoye wa kanmu cewa a bakin Bahaushe kalmar «gwaranci» ba yabo ba ce. Mutanen da muka daɗe muna yi wa ba'a bisa maganarsu, bai kamata mu wayi gari muna fassara zanensu da karin maganarmu ba tare da mun tambaye su ba.

Ko da an tambaya an sami suna, sai a yi hattara, domin suna dabam ma'ana dabam. Ɗinkin babbar riga da ake kira aska takwas sunansa ya fito daga siffa, tsini takwas masu kama da aska. Maɗinki zai faɗi sunan nan take, amma in aka ce masa mene ne nufinsa, yana iya cewa haka ya tarar ana yi. Wannan amsa ce, kuma ya kamata a rubuta ta yadda aka ba da ita.

3. Tulu da jikin mace

Akwai fassara ta biyu da ake yi wa aikin mata musamman. Ita ce a ce tulu jikin mace ne, cikinsa mahaifa, ruwan da ke ciki rai. Hujjar da ake kawowa ita ce tulu yana da baki da wuya da kafaɗa da ciki da gindi. Gaskiya ne. Sai dai Faransanci ma yana cewa col da panse da pied, kuma Hausa na ba tukunyar da namiji ya gina waɗannan sunaye ɗin dai, ga shi a wasu sassan ƙasar Hausa maza ma magina ne. Ba a taɓa jin an ce tukunyar namiji tana ba da labarin cikinsa ba.

Wannan ɗabi'a ba a kan matan Afirka ta tsaya ba. Georgia O'Keeffe (1887-1986), mai zanen fenti ta Amurka, ta yi manyan hotunan furanni a shekarun 1920, sai masu sharhi, da yawansu na kusa da mijinta Alfred Stieglitz, suka ce al'aurar mace ce ta zana. Ta musanta, ta sake musantawa har tsufanta. A shekarun 1970 masu fafutikar ƴancin mata suka ɗauko wannan fassara don su yabe ta, ita kuma ta ƙi karɓa. O'Keeffe ta yi magana da Ingilishi, a jaridu, aka ƙi ji. Ina ga maginiyar ƙauye, wadda galibin abin da aka sani game da ita ta bakin wasu ya biyo?

4. Abin da tulun kansa ke nunawa

Idan muka ajiye ƙamus, akwai abin karantawa da yawa. Dabbobi masu rarrafe an zana su ne kamar ana kallon su daga sama, ƙafafu a baje, jiki a shimfiɗe, yadda za su bi lanƙwasar tulun ba tare da sun karye ba. Kowace tana cikin nata ɗaki, tsakanin layuka a tsaye da a kwance, kuma tsagen da ya cika jikinta ɗan'uwan wanda ya cika layukan ne, har a wani wuri ido ya kasa raba dabba da ado. A ganinmu wannan shi ne ƙarfin aikin. Mai zagaya yumɓu tana gini ta san cewa babu wanda zai ga tulu duka a kallo ɗaya, sai ta raba zanen yadda mai kallo shi ma sai ya zagaya.

Babban sauyin ma'ana kuwa a cikin wuta ya faru. Tulun Kwali ana gasa shi a fili da itace da ciyawa, wuta ba ta yi tsanani ba, jikinsa ya kasance da ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Duk matar da ke da randa a Tawa ko a Tasawa ta san wannan ba tare da an koya mata a lakwal ba. A makarantar Abuja Ladi ta ci gaba da gina manyan tulunan da hannu kamar da, siffa ɗaya, dabbobi ɗaya, amma da wani yumɓu, sannan a shafe su da ruwan gilashi a gasa cikin tanderu a zafin da ya haura digiri 1200. Abin da ke fitowa tangaran ne: mai ƙyalli, mai nauyi ƙwarai, mai tsada, wanda ba ya tsattsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ƙadangaren yana nan inda yake, ruwan ne babu. A Kwali zanen yana magana da maƙwabta waɗanda suka san hannun kowace maginiya. A ɗakin nuni na Landan yana magana da mai saye wanda ke neman Afirka, kuma mai sayen ne ya fi bukatar a ce masa kowace dabba asiri ce.

Kada a ɗauka muna cewa Bature ne ya ƙago ajiye tulu don kallo. Cardew a gidan sarki ya tarar da aikinta, an riga an ware shi saboda kyansa. Kuma duk wanda ya shiga ɗakin amarya a Maradi ya ga jere ya san cewa kwano na iya shekara bai ga miya ba, yana faɗin arzikin mai shi da darajar danginta. Bambancin shi ne kwanon jere in an sauko da shi zai yi aiki, tulun Abuja kuwa an rufe masa wannan hanya tun daga tanderu. Haka kuma ba mu ganin Ladi a matsayin wadda aka yi wa dabara. Ta koyi gini bisa faifan juyi, ta yi akussa da butocin shayi ta zana musu dabbobinta, ta tsaya gaban jama'a a Turai da Amurka ta gina tulu suna kallo. Mace ce da ta san kasuwa biyu ta yi wa kowace aiki.

Akwai alamu biyu bisa kayan Abuja da ma'anarsu ba ta da gardama, kuma masu neman asiri ba su cika kula da su ba. Su ne hatimi: sunan Abuja da haruffan Larabci, da LK da haruffan boko. Na biyun ya mai da aikin gari aikin mutum ɗaya, abin da farashinsa ke bin suna. Amma yana da amfani ga mai bincike. Wasu mata sun biyo ta makarantar, irin su Halima Audu, Asibi Ido, Kande Ushafa da Lami Toto, kuma da hatimi ake iya jera aikinsu kusa da nata a ga abin da yake gadon kowa da abin da yake zaɓin Ladi: wace dabba take maimaitawa, wace take bari, ina take cika fili, ina take ƙyale shi. A nan ne za a fara jin muryarta. Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya, wadda ta zo Abuja a 1974 ta koya a hannun waɗannan mata, abin da ta tafi da shi zuwa Ingila hanyar gini ce da siffa, dabbobin ta bar su.

Wahalar wannan kwatanci ita ce tulunan sun warwatsu. Akwai su a gidan kallo na Victoria da Albert a Landan, da Jami'ar Aberystwyth a ƙasar Wales, da Smithsonian a Washinton, kuma a 2022 an tara wasu a Landan a wani nuni mai suna Body Vessel Clay. Ɗalibin Yamai ko na Damagaram a hoto zai gan su, hoto kuwa gefe ɗaya yake nunawa na abin da aka gina don a zagaya shi. Tulun Bubon da na Mirriya suna kasuwa, ana iya ɗaga su a juya, kuma masu ginin suna da rai, ana iya zama da su a tambaye su sunan kowane zane, da wanda ya koya musu shi, da wanda suke yi wa.